Ranar da Gwamnatin Amurka ta Maka Kwandala a Kotu

Ka taɓa jin an kai kwandala ƙara? Ba mai kwandalar ba fa, ita kanta kwandalar. To an yi. A 2013 gwamnatin Amurka ta shigar da ƙara a kotun tarayya da ke jihar Maryland, kuma waɗanda ake ƙara, kamar yadda aka rubuta a saman takarda, wasu tsoffin kuɗin ƙarfe ne guda uku masu siffar wuƙa, da wasu 12 na ƙasar Sin, da bakwai na tsibirin Saifurus. Eh, Saifurus ɗin nan da 'yan uwanmu ke tururuwar zuwa karatu a arewacinsa. A dokar can, idan gwamnati na son ƙwace kaya, tana iya yin shari'a da kayan kai tsaye. Duka-duka kuɗin da aka sayi kwandalolin bai kai dala 300 ba, wayar da ke hannun wasunku ma ta fi su tsada. Amma sai da aka kwashe shekara goma ana kai ruwa rana a kansu, har aka ƙwanƙwasa ƙofar Kotun Ƙoli sau biyu.

Ka san dai ba don dala 300 mutum zai riƙa biyan lauyoyi tsawon shekara goma ba. Da gangan aka shigo da kwandalolin don a kama su.

Bari mu koma baya kaɗan. A 1970 hukumar UNESCO ta fitar da yarjejeniyar hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi. Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar irin waɗannan kaya, ta yi ta jan ƙafa, sai a 1983 ta yi dokar aiwatarwa, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu. Dokar ba ta hana shigo da kayan tarihi baki ɗaya ba. Abin da ta ce shi ne, ƙasar da ake wawushe mata wuraren tarihi ta zo ta nemi taimako. Akwai kwamiti mai mutum 11 da shugaban ƙasa ke naɗawa: uku masana tono da nazarin al'adu, uku 'yan kasuwar kayan tarihi, biyu daga gidajen adana kayan tarihi, uku kuma wakilan jama'ar gari. Su saurari kowa, su ba Ma'aikatar Harkokin Waje shawara. In an amince, sai a ƙulla yarjejeniya ta shekara biyar, a ba jami'an kwastam jerin nau'o'in kayan da za su sa wa ido.

Daga wannan rana, duk wanda zai shigo da abin da ke cikin jerin sai ya nuna ɗayan biyu: ko takardar izinin fitarwa daga ƙasar da ke da kayan, ko shaidar cewa kayan sun riga sun bar ƙasar tun kafin a sa takunkumin. Shi ke nan. Ba a zuwa gidan kowa a kwashe abin da ya tara, ba a hana saye da sayarwa a cikin Amurka. A bakin iyaka kawai ake tambayarka takarda.

Fiye da shekara ashirin ana haka, ba a taɓa kwandala a cikin irin waɗannan yarjejeniyoyi ba. Gumaka, tukwane, zanen bango, duk sun shiga. Italiya ta samu tata yarjejeniyar a 2001, aka sabunta a 2006, duka babu kwandala. Sai a watan Yulin 2007, da aka zo sabunta ta Saifurus, aka wayi gari tsoffin kuɗin da aka buga a tsibirin sun shiga jeri. A Janairun 2009 na ƙasar Sin suka biyo baya, tun daga masu siffar wuƙa da shebur har zuwa na daular Tang. Nan fa hankalin masu tara kwandala ya tashi.

Su wane ne su? Kar ka ɗauka duk attajirai ne masu jirgin sama. Da yawansu talakawan can ne: malamin makaranta, tsohon soja ɗan fansho, wani da ya kamu da son tarihin Rumawa tun yana yaro. Kwandalar tagulla ta zamanin Rumawa, wadda ta haura shekara 1,600, kana iya samunta a intanet da kuɗin da bai wuce na cin abinci sau ɗaya a can ba. Yadda wani ke tara rigunan ƙwallo ko takalma, haka su ke tara sarakuna: yau ya samu Kwanstantin, gobe yana neman Hadiriyan. Amma a bayansu akwai manyan dillalai da gidajen gwanjo, waɗanda ke juya miliyoyi, kuma su ne ke da kuɗin ɗaukar lauya.

Tun a 2004 wani dillali kuma marubuci mai suna Wayne Sayles ya kafa ƙungiyar Ancient Coin Collectors Guild, wadda aka fi sani da ACCG, domin kare wannan sha'awa. Ƙungiyoyin dillalai biyu, IAPN ta ƙasa da ƙasa da PNG ta Amurka, sun ɗauki lauya a Washington mai suna Peter Tompa wanda ya daɗe yana yi musu kamun ƙafa. Ka tuna a can kamun ƙafa sana'a ce mai rajista, ba abin da ake yi da daddare a bayan gida ba. Ana zuwa ofisoshin 'yan majalisa, ana rubuta takardu, ana halartar zaman kwamiti. Duk lokacin da wata ƙasa ta nemi yarjejeniya kuma aka buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a, sai ƙungiyar ta aika wa mambobinta saƙo, su kuma su yi ruwan ɗaruruwan wasiƙu, kusan duk magana ɗaya: a cire kwandala daga ciki. Kai da ka saba ganin yadda ake haɗa gangami a X ko Facebook ka san salon. Mutanen da ba su da yawa, amma kullum suna nan, kullum su ne a sahun gaba.

A 2007 suka kai Ma'aikatar Harkokin Waje ƙara suna neman a buɗe takardun yadda aka yanke shawarar Saifurus, domin suna zargin kwamitin bai ba da shawarar a saka kwandala ba, ma'aikatar ce ta yi gaban kanta. Ba su samu abin da suke so ba. Shi ne a Afrilun 2009 suka sayi kwandala 23 daga wani tsohon gidan dillanci a Landan, aka sa su a jirgi zuwa Baltimore, da takardar da ta faɗa ƙarara cewa ba a san inda aka tono su ba, ba a kuma san hannun da suka bi ba. Kwastam suka riƙe, kamar yadda aka tsara. Ƙungiyar ta tafi kotu.

Hujjar da ba ta da sauƙin turewa

A nan ya kamata ka nutsu, domin hujjarsu ba shirme ba ce. Dokar 1983 ta yi magana ne a kan kayan da aka fara ganowa a cikin ƙasar da ta nemi kariya. Su kuma suka ce: kuɗi ai yawo yake. Gunki yana zaune a ɗakin bautarsa, kabari yana inda aka haƙa shi, amma kwandala an buga ta ne don ta bar gida. Dinarin azurfa na Rumawa an tono shi a Ingila, an tono shi a Jamus, an tono shi har a kudancin Indiya. Kuɗin Sin mai huji a tsakiya ya ci kasuwa a Japan da Koriya da Biyetnam ɗaruruwan shekaru. To don an buga kwandala a Saifurus shekara 2,000 da suka wuce, wa ya ce a Saifurus aka tono ta?

Mu ma mun san wannan. Tambayi kakarka labarin dala ta azurfa mai hoton wata mata mai ƙiba. Sarauniya Mariya Tereza ce ta Ostiriya, wadda ta mutu a 1780, kuma duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan mutuwarta 1780 aka riƙa rubuta musu, ko a Biyana aka buga su ko a Landan ko Bombay. Sun ratso Sahara sun shigo kasuwanninmu, maƙeran farfaru sun narka su sun yi zobba da mundaye. Har gobe a Nijar in an ce dala ana nufin faran biyar. Da za a tsinci ɗaya a tsohuwar rijiya a Kano, ai ba wanda zai ce daga Ostiriya aka sato ta.

Hujja ta biyu kuwa ita ce takarda. Turawa sun fi shekara 500 suna tara tsoffin kuɗi, kuma galibinsu ba wanda ya taɓa rubuta musu salsala. Wa zai ajiye rasit na abin da kakansa ya saya da kuɗin shan shayi? Suka ce neman takarda a kan irin wannan tamkar haramta shi ne a fakaice. Sannan suka ƙara da cewa a ƙasashen Turai da yawa, har da Italiya, mutane na saye da sayar da waɗannan kuɗi a shaguna, a ƙasar Sin ma kasuwarsu ta cikin gida ta fi ta ko'ina girma. Me ya sa sai Ba'amurke za a ɗaure wa hannu?

Kotu ba ta saya ba. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan harka ce ta hulɗa da ƙasashen waje, Majalisa ta riga ta tsara yadda za a yi, kuma doka ta ba gwamnati damar jera kaya bisa nau'insu, ba sai ta bi kowace kwandala ta gano ramin da ta fito ba. Mai shigo da kaya shi zai kawo takarda. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 2013. Aka dawo shari'ar ƙwacewa, wadda muka fara da ita, aka ƙwace 15, aka tabbatar da hukuncin a 2018, Kotun Ƙoli ta sake juya musu baya a 2019.

Sun faɗi a kotu, amma kar ka ce kamun ƙafar bai yi rana ba. Da aka saka kwandala a yarjejeniyar Italiya a 2011, an tsaya ne a kan waɗanda ba su cika fita yankinsu ba, kamar na biranen Girkawa da ke kudancin Italiya da Sisili da na farkon jamhuriyar Rum. Dinari da kuɗin sarakunan daular, waɗanda su ne ƙashin bayan kasuwar, an bar su a waje. Sai dai jerin ƙasashe ya yi ta tsawo: Girka a 2011, Bulgeriya a 2014, Masar a 2016, Turkiyya a 2021, kuma kwandala na ciki.

Abin da ke faruwa a bakin ramin

Yanzu juya ka kalli ɗaya gefen. Kwandalar da ke cikin 'yar leda a shagon intanet, mai tsabta, mai sheƙi, ba daga sama ta faɗo ba. Wasu daga tsohon tarin wani suka fito, gaskiya ne. Amma kasuwa ba ta rayuwa da tsohon kaya kawai, sabo take so, kuma sabo daga ƙasa yake fitowa. A 1999 jami'an kwastam a filin jirgin saman Frankfurt sun tare wani kaya mai nauyin kilo 60 da ya taso daga Bulgeriya zai wuce Amurka. Kwandala ce zalla, kusan 20,000. Wannan ba gadon kakan kowa ba ne. Ƙasa ce a jikinsu.

Mai na'urar gano ƙarfe ƙarar ƙarfe kawai yake ji. Da ta yi ƙara sai ya dasa diga. Tukunyar da ke sama ya fasa, ƙashin da ke gefe ya watsar, daɓen ɗakin da ke ƙasa ya huda, don ya ciro abu ɗaya da zai shiga aljihu. Ga masu tonon tarihi kuwa, kwandala ita ce agogon wurin. Tana ɗauke da sunan sarki, wani lokaci har da shekara. In an same ta a ƙarƙashin daɓe, an san ba a yi daɓen kafin a buga ta ba. In an same ta cikin tokar gobara, an kusa sanin lokacin da garin ya ƙone. Da an cire ta, sauran kayan wurin sun zama marayu, ita kuma ta zama ƙarfe mai hoto.

Ga misali ka ga bambancin. A 2010 wani Bature mai suna Dave Crisp yana yawo da na'urarsa a wata gona kusa da garin Frome a Ingila, ya ci karo da bakin wata ƙatuwar tukunya. Maimakon ya kwashe, sai ya rufe ya kira hukuma. Masana suka zo suka riƙa kwasa hawa-hawa, suka ƙirga kwandalar Rumawa 52,503, nauyinsu ya kai kilo 160, fiye da 700 daga ciki na Karawusiyus ne, wani kwamandan jiragen ruwa da ya ɓalle ya naɗa kansa sarki a Birtaniya. Saboda an same su a inda suke, aka lura cewa tukunyar ba za ta ɗauku da wannan nauyi ba, sai dai an fara binne ta sannan aka zuba kuɗin. Wannan ya sa wasu masana ke ganin ba ɓoyon mai gudun yaƙi ba ne, wataƙila sadaukarwa ce ta al'umma. Da a buhu aka kwashe su aka raba wa dillalai ɗari, wa zai san wannan?

Abin dariyar shi ne ɓangarorin biyu duk suna kafa hujja da Frome. Masu tarawa suna cewa: kun gani, Ingila ba ta haramta ba, ta yi dokar taska a 1996 da tsarin rajistar abin da aka tsinta a 1997, tana biyan wanda ya tsinta, shi ya sa ya kai rahoto. An kimanta tukunyar fam 320,250, aka raba tsakaninsa da mai gona. A nan ina tare da su. Ƙasar da dokarta ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ba ko sisi ga manomin da ya tsinta sai ma barazanar ɗauri, ita da kanta ta tura shi wurin ɗan fasa-ƙwauri. Haka kuma suna da gaskiya da suka ce an zuzuta alƙaluman biliyoyin da aka ce 'yan ta'adda na samu daga kayan tarihi. Wani rahoton cibiyar RAND na 2020 ya nuna kasuwar ba ta kai yadda ake faɗa ba.

Amma raguwar adadi ba ta cike ramuka. Hotunan tauraron ɗan'adam na tsohon birnin Afamiya a Siriya, tsakanin 2011 da 2012, sun nuna fili ya koma kamar rariya. A Mayun 2015 da sojojin Amurka suka kai samame gidan Abu Sayyaf, wani jigon ISIS a gabashin Siriya, sun tarar da tsoffin kwandaloli da rasitan harajin kashi 20 cikin ɗari da ƙungiyar ke karɓa daga masu tono. Kwandala ita ce kayan da ɗan fasa-ƙwauri ya fi so: ƙarama, tana shiga ambulan, tana da dubban 'yan uwa masu kama da ita, ba mai iya cewa tasa ce.

Kuma wannan shi ne inda hujjar masu tarawa take cin kanta. Suna cewa tunda ba a iya sanin inda aka tono kwandala, a bar ta ta wuce. To ai wannan rashin sanin shi ne jarin ɓarawo. In doka ta ce sai gwamnati ta nuna ramin kafin ta riƙe kaya, alhali wanda ya haƙa ramin da daddare ya haƙa kuma ba ya ba da rasit, to ba za a taɓa riƙe ko ɗaya ba. Kai ma ka san yadda ake yi a kasuwar waya. Wanda ya sayi waya ba kwali ba rasit a farashin banza, in 'yan sanda suka zo, cewa "ai wayoyi irinta sun yi miliyan" ba ya fitar da shi. Mai saye shi ke da zaɓi, shi ke da kuɗi, shi ya kamata ya tambaya.

Ita ma takardar ba a bar ta lafiya ba. A Oktoban 2020 gidan gwanjon Roma Numismatics na Landan ya sayar da kwandalar zinariya da Burutus ya sa aka buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa don murnar kisan Juliyas Kaisar, da hoton wuƙaƙe biyu a bayanta. Uku kacal aka sani a duniya. Ta tashi a kan fam miliyan 3.24, da labarin cewa daga tarin wani tsohon basarake ta fito. Ashe labarin sayensa aka yi. An kama mai gidan, Richard Beale, a New York a Janairun 2023, aka mayar wa Girka kwandalar, daga baya ya amsa laifi. Da dokar kayan sata ta jihar New York aka kama shi, ba da dokar 1983 ba, amma darasin kasuwa ɗaya ne: yanzu salsala ta yi tsadar da har ƙirƙirarta ake yi.

Ina ruwanka? Na farko, kasuwar tana cikin wayarka. A 2019 masu bincike na shirin ATHAR sun bankaɗo gomman zaurukan Facebook masu mambobi kusan miliyan biyu, inda ake tallar kayan da aka tono, wasu har da bidiyon ramin don mai saye ya yarda ba jabu ba ne. A Yunin 2020 Facebook ya haramta cinikin kayan tarihi a dandalinsa. Ko ya daina? Leƙa ka gani. Idan ka ga bidiyon wani yana tone tulu cike da kuɗi ana ta zuba masa zuciyoyi, ka san abin da kake kallo.

Na biyu, mu ma muna cikin wannan layi. Mali ce ta fara samun irin wannan kariya a Afirka tun 1993. Najeriya ta sa hannu a tata yarjejeniyar da Amurka a Janairun 2022 a Abuja, tsakanin ministan yaɗa labarai da al'adu na lokacin, Lai Mohammed, da jakadiya Mary Beth Leonard. Namu abin ba kwandala ba ne, gumakan yumɓu ne na Nok da na yankin Sakkwato da Katsina, irin waɗanda aka yi ta haƙewa a shekarun 1990 ana lodawa zuwa Turai, kamar yadda aka yi wa na Bura a Nijar. Amma doka ɗaya ce, kwamiti ɗaya ne, kuma duk sassaucin da aka samu a kan wanda zai kawo shaida ba zai tsaya a kan kwandala ba. Dillalin gunki ma zai ce ba a san ramin da nasa ya fito ba, wataƙila Najeriya, wataƙila maƙwabta.

Yarjejeniyar tamu ta shekara biyar ce, wato zuwa 2027, sai an sabunta. Duk lokacin da kwamitin zai zauna a kan wata ƙasa, ana buɗe shafi a regulations.gov don karɓar ra'ayi, kuma ba a ce sai Ba'amurke ba, kowa na iya rubutawa daga ko'ina. Masu tara kwandala sun san ranar buɗewa da ranar rufewa, suna kuma tuna wa junansu.